Wa ya gaya wa babban yatsa ya zama babba? Kundin aikin ƙungiyarmu ta kimiyya a Tawa

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Bana ambaliya ta sa ba a koma lakkwal ba sai 28 ga Oktoba, shi ya sa ƙungiyarmu ba ta zauna ba sai yau. Yara 14 suka zo, akasarinsu ƴan tarminal D. Na ce kowa ya kawo tambayar da za mu bi mu ga ƙarshenta. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta baza yatsunta biyar, ta ce: "Mushe, kun ce duk selil ɗin da ke jikina jen ɗinsu, wato abin gadon da ke cikinsu, iri ɗaya ne. To wa ya gaya ma wanga ya zama babba, wanga kuma ya zama ƙarami?" Babu wanda ya sake kawo wata tambaya bayan wannan.

Amsar littafi gajera ce. A jikin ɗan tayi akwai wasu ƴan ƙwayoyin jiki, waɗanda a aji muke kira selil, da ke fitar da wani sinadari. Na kusa da su suna samun mai yawa, na nesa suna samun kaɗan, kowace selil kuma ta duba yawan abin da ya iso mata ta san abin da za ta zama. Alan Turing ne ya raɗa wa irin wannan sinadari suna morfojen a 1952. Shekara da shekaru ina faɗa wa yara cewa sinadarin "yana yaɗuwa", in wuce. Yau na tsaya a kan kalmar, na ga ban taɓa nuna musu yadda yake tafiya ba, ta wace hanya, cikin awa nawa. Wannan shi ne aikinmu. Za mu auna da hannunmu, mu buɗe ƙwan kaza mu gani, sannan mu rubuta bayanin da Hausar da iyayensu za su gane.

Kalma ta farko da muka tsayar ita ce naso. Kowa ya san yadda bango ke naso da damina, ƙasansa jiƙe sharkaf, sama-sama da ɗan danshi, can sama a bushe.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun so mu ga nason launi cikin abu mai kauri, don kada ruwa ya motsa ya ɓata lissafi. Na sayo garin jelatin, muka dama da safe, muka kai firijin maƙwabta ya daskare. Kafin azahar ya koma ruwa a cikin aji, launin ya gauraye. Jelatin ba ya jure zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa har yanzu rana ba ta sassauta ba. Wani ɗalibi kuma ya tambayi daga wace dabba aka yi shi, takardar ba ta faɗa ba, don haka muka ajiye shi gaba ɗaya. Na kira wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaji a Yamai ya aiko mana da agar. Shi daga ciyawar teku ake yin sa, kuma in ya daskare ba ya narkewa sai wajen digiri 85.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Agar bai iso ba, sai muka fita fili da kwanon gyaɗa.

A ƙarshen shekarun 1960 Lewis Wolpert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aikinsa a Landan, ya kwatanta lamarin da tutar Faransa: jerin selil, sinadari na fitowa daga gefe guda, masu samun da yawa su zama shuɗi, na tsakiya fari, na ƙarshe ja. Mu da tutarmu ta Nijar muka yi. Na jera yara 6. Na ba na farko gyaɗa 64, doka kuma ɗaya ce, ka riƙe rabin abin da ya zo hannunka, ka miƙa rabi ga na kusa da kai. Aka samu 32, 16, 8, 4, 2, 1. Mai 16 ko fiye ya ɗaga takarda ruwan lemo, mai 4 zuwa 15 ya ɗaga fara, wanda bai kai 4 ba ya ɗaga koriya. Biyu, biyu, biyu, tuta ta fito. Babu wanda ya ga jerin duka, babu wanda aka gaya wa lambarsa, kowa tafin hannunsa kawai ya duba.

Sai na ninka gyaɗar zuwa 128. Yaran sun zaci ruwan lemo zai mamaye jerin har ya cinye sauran. Iyakar mutum ɗaya tak ta matsa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin kusan abin da Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard suka gani ke nan a Tübingen ta Jamus a 1988. Sun yi aiki da ɗan ƙudan nan mai jajayen idanu da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Ƙwansa bai wuce rabin milimita ba. Uwar na ajiye saƙon wani furotin mai suna Bicoid a gefen da zai zama kai, furotin ɗin ya yi yawa a nan, ya riƙa raguwa zuwa baya. Da suka ƙara yawansa, iyakar kai ta matsa baya. Wanda ya rasa shi kuwa bai yi kai ba sam. Shi ne morfojen na farko da aka gani da ido yana raguwa daki-daki. Nüsslein-Volhard ta sami kyautar Nobel a 1995 tare da Eric Wieschaus da Edward Lewis.

Muna tattara takardu wani yaro ya ce: "Mushe, ranar da ke tsakiyar tuta fa?" Gaskiyarsa. Jeri ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba zai iya zana da'ira ba. Sai an sami saƙo na biyu mai ratsawa daga hagu zuwa dama, selil ta haɗa biyun ta san tana tsakiya. Fiffiken ƙudan ma saƙo biyu ne ke gicciye a kansa, Dpp da Wingless.

Asabar, 7 ga Disamba

Agar ya iso a motar Yamai ranar Laraba. Jiya Juma'a da ƙarfe 4 na yamma muka zuba shi a marfin gwangwanin madara guda biyu, muka huda rami a tsakiya da bututun bik. Rami ɗaya muka cika da ruwan farmanganat, irin wanda ake saye a farmasi don wanke gyambo, ɗayan da shuɗin metilen na ɗakin gwajinmu. Na tafi da su gida, na riƙa aunawa da rula.

Farmanganat ya ci milimita 4 a awa ta farko. Bayan awa 4 ya kai 8. Da ƙarfe 8 na safen yau, awa 16 ke nan, yana wajen 14, bakinsa ya koma ruwan ƙasa domin yana cin agar ɗin, agar ɗin na cin sa. Shuɗin metilen kuwa da ƙyar ya kai 5.

Na sa yaran su nemo dokar da kansu, kuma sun same ta kafin na gama share allo: in kana son naso ya ninka nisa, sai ka ba shi lokaci ninki 4. Muka lissafa nawa zai ɗauka ya ratsa mita ɗaya. Mita ɗaya ta ninka milimita 4 sau 250, 250 sau 250 ya ba da awa 62,500, wato shekara 7 da ɗoriya. Ajin ya yi tsit. Irin wannan lissafin Francis Crick ya yi a 1970, ya nuna cewa naso zai iya shimfiɗa saƙo cikin ƴan awoyi matuƙar filin bai wuce milimita guda ko kusa da haka ba. Shi ya sa ake rabon aiki tun jiki bai kai ƙwayar gero ba. Raƙumi da ɓera duk a ƙanana ake tsara su, girma daga baya yake zuwa.

Na rubuta a gefen kaye: mi ya hana shuɗin tafiya? Ya fi farmanganat nauyi wajen ninki biyu, amma wannan kaɗai bai isa ya sa ya yi baya haka ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Mun yi asarar ƙwai 12. Kwali muka samu, muka sa ƙwan lantarki da kwanon ruwa da ma'aunin zafi, muka daidaita shi a digiri 38. Daren Talata wuta ta ɗauke, ga hunturu ya sauka sosai, da asuba na tarar da ma'aunin a 19. Haka aka yi dare biyu a jere. Yau muka fasa guda uku, babu komai sai zoben jini a kan gwaiduwa. Kuɗin yaran ne, dala-dala suka tara, abin ya tsaya mini a rai.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na je gaida Inna na ba ta labarin kwalin. Ta saurara har na gama, ta ce: "Kai da ka da kaza mai kwanci a bayan rumbu, mi kaka nema wurin kwali?" Ta yarda a sa ƙwanmu ƙarƙashin kazarta, da sharaɗi biyu: ita za ta riƙa ɗauko ƙwan da hannunta, kuma kada mu fasa fiye da uku. Na ce na ji, Inna. Za a sa 7 ranar Talata, 2 ranar Laraba, kowane da kwanan watansa da fensir.

Mun tattauna da yaran kan fasa ƙwai mai rai, domin wasu abin ya dame su, kuma ya kamata ya dame su. Muka tsaya a kan ukun, kowa ya zana abin da ya gani da kyau yadda ba za a sake buƙatar na huɗu ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Inna ta naɗo ƙwai biyu a tsumma cikin ƙwarya, da ɗuminsu. Na fara da mai kwana 3. Na kwantar da shi ya ɗan huta don ɗan tayin ya taso sama, na zuƙe farin ƙwan kaɗan da sirinji ta gefen mai faɗi, na manna salatif a bayan, na yanke taga da ƙaramin almakashi. A kan gwaiduwa akwai da'irar jijiyoyi jajaye kamar saiwar gero da aka tuge aka wanke. A tsakiyarta wani abu lanƙwasasshe, fari-fari, ana hango gwaiduwa ta cikinsa, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. A cikin lanƙwasar wani ɗigo ja yana cika yana fanko, yana cika yana fanko. Ɗalibar da ta yi tambayar yatsu ta riƙe gilashin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba, can ta ce a hankali: "Subhanallah, zuciya ce."

A mai kwana 4 muka ga abin da muka zo nema. A kowane gefe akwai ƴan tsiro biyu masu kama da bakin cokali, na gaba fiffike, na baya ƙafa, faɗin kowane wajen milimita ɗaya. Daidai girman da lissafin Crick ya yarda da shi. Babu yatsa, babu ƙashi, nama ne sumul. Na nuna musu gefen baya na tsiron fiffiken da bakin allura ba tare da na taɓa ba. A 1968 John Saunders da Mary Gasseling sun yanko ƴan selil daga daidai wannan wuri suka dasa a gefen gaba na wani tsiron. Fiffiken kaza yatsu 3 gare shi. Wannan ya fito da 6, uku na fuskantar uku kamar an kara madubi. A 1993 ɗakin gwajin Cliff Tabin a Harvard ya gano furotin ɗin da wurin ke fitarwa, wanda ake kira Sonic hedgehog, a taƙaice Shh. A hannun mutum gefen ƙaramin yatsa ne mafitarsa. Na kusa su sha da yawa kuma su daɗe suna sha, na nesa su sami kaɗan, babban yatsa kuwa shi ne wanda ya fi kowa nisa da shi. Na ce wa ɗalibar da ta yi tambayar yatsu ga rabin amsarki.

Asabar, 18 ga Janairu

Ƙwai na uku, kwana 11. Yatsun ƙafa 4 sun rabu, baki ya fito, gurbin gashi ya jeru layi-layi a baya. Yaran sun yi zane, mun kwatanta da hotunan matakai 46 da Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka tsara a 1951.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wannan makon karatu na yi, kuma ya canja mini darasin da na ɗauka na gama shiryawa.

Matsalar ita ce Shh ba kamar farmanganat yake ba. Kitse biyu ne a manne da shi, ɗaya kwalastarol. Wingless da danginsa na Wnt su ma da nasu kitsen. Abu mai maiƙo ba ya son ruwa, fatar selil yake so ya manne wa. Sannan tsakanin selil da selil ba fili ba ne. Lungu ne matsattse, cike da wasu dogayen sarƙoƙin sukari da ake kira heparan salfat, masu cajin da ke kama furotin su sake shi, su sake kamawa. Nan na tuna da shuɗin metilen ɗinmu. Agar ma yana da salfat a jikinsa, shuɗin kuma cajinsa kishiyar nasa ne, don haka tafiya yake ana riƙe masa riga. Abin da na ɗauka rashin sauri ne kawai ashe shi ne ya fi kama da abin da ke faruwa a jikin ɗan tayi.

Alƙaluman sun nuna haka. A 2007 Anna Kicheva da abokan aikinta sun auna Dpp a fiffiken ƙuda, suka sami saurin nasonsa wajen mikiron murabba'i 0.1 a daƙiƙa, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Furotin mai irin girmansa a ruwa zalla ya fi haka sauri sau ɗaruruwa. A 2009 wasu masana a Dresden suka bi Fgf8 a jikin ɗan tayin wani ƙaramin kifi mai zane, suka ga akasarinsa na yawo a sake da sauri, amma selil ɗin da yake wucewa suna haɗiye shi. Da suka rage haɗiyar, saƙon ya yi nisa fiye da ƙima. Gyaɗarmu ke nan: tsawon jerin ya dogara da yawan abin da kowa ke riƙewa.

Sai kuma abin da ya fi ɗauke mini hankali. A 1999 Felipe-Andrés Ramírez-Weber da Thomas Kornberg a San Faransisko sun ga wasu zaruruwa sirara ƙwarai, kaurinsu wajen mikiron 0.2, suna fita daga selil ɗin fiffiken ƙuda suna miƙewa zuwa inda ake fitar da saƙo. Suka kira su sitonem, ma'ana zaren selil. Da wuya a gan su, domin magungunan da ake daskarar da nama da su kafin a duba suna tsinka su. A 2013 ɗakin gwajin Maria Barna ya ɗauki hoton irinsu a raye a tsiron fiffiken kaza, irin wanda muka gani ranar 11 ga wata, ɗigon Shh na tafiya a kansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a Azawak ya san wannan dabara. Ruwa ba ya tasowa ya same ka, igiya kake zurawa, raƙumi ya ja.

Masana ba su daidaita ba har yanzu. Kornberg na ganin zaruruwan ne babbar hanya. Wasu na ganin naso mai cikas ya wadatar, kuma a 2020 ɗakin gwajin Jean-Paul Vincent a Landan ya ƙarfafa musu gwiwa: suka ɗauki GFP, koren furotin mai haske da ba shi da wata alaƙa da ƙuda, suka ƙera masa abin karɓa, ya yi aikin Dpp har fiffike ya fito da kamanninsa. Shi dai wannan ɗakin gwajin a 2014 ya ɗaure Wingless a fatar selil ɗin da ke yin sa, yadda ba zai je ko'ina ba, ƙudajen suka rayu da fiffike kusan lafiyayye, sai dai girmansu ya yi jinkiri. A nawa ganin, neman hanya ɗaya ga duka kuskure ne. Bicoid na tafiya ne a lokacin da ƙwan ƙuda bai ma gina bango tsakanin selil ba, ɗaki ɗaya ne babba. Shh kuwa cikin cunkoso yake bi da kitsensa. Abin da ya haɗa su shi ne masu karɓa ba zaune suke suna jira ba. Su ke riƙewa, su ke haɗiyewa, wani lokaci su ke miƙa hannu, kuma da haka ne ake samun iyaka a inda ya dace. Shekarun da na yi ina cewa "yana yaɗuwa", wannan ɓangaren na bari a baya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar Talata kazar Inna ta ƙyanƙyashe 5 cikin 6 da suka rage. Yaran sun je gani, kowa sai ya ɗaga ƙafar ɗan tsako ya ƙirga yatsu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun gwada wasan da za mu nuna wa iyaye. Kashi uku ne: na farko a kunna turaren wuta a kusurwar aji, kowa ya ɗaga hannu in ƙamshi ya iso masa (na gaya musu a nan iska na taimakawa, ba naso zalla ba ne). Na biyu gyaɗa hannu da hannu. Na uku na bayan layi su jefa zare zuwa ga mai kwano, ya ɗaura musu ƙulli su jawo. Na ukun ya fi rikicewa, zare na sarƙewa, sai mun rage yawan masu jefawa.

Baba mai gadi yana zaune bakin ƙofa yana kallonmu. Ya yi kiwo shekaru da yawa wajen Abalak kafin ya dawo gari. Da muka tashi ya kira ni ya ce: "Malam, tunkiyata ta taɓa haihuwar ɗa da fuska ba daidai ba. Wanga saƙo naku ne bai kai ba?" Na ce Baba, nasa dai ba zan yanke hukunci ba tunda dalilai na da yawa, amma ga wani labari tabbatacce. A shekarun 1950 makiyaya a Idaho ta Amurka sun riƙa samun ƴan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bincike ya gano wata ciyawar tsaunukan can ce, Veratrum californicum, in tunkiya ta ci ta a kwana na 14 da ɗaukar ciki. Sai a 1998 aka gane cewa gubarta, siklopamin, tana toshe hanyar da selil ke jin Shh. Saƙon ya iso, mai karɓa ne ya kurumce, tsakiyar fuska ba ta buɗe ba, gurbin ido bai rabu biyu ba. Baba ya jinjina kai ya ce kwana ɗaya tak. Na roƙe shi ya zo ranar taron ya faɗa wa yaran abin da makiyaya ke kiyaye wa dabba mai ƙaramin ciki, ya ce in Allah ya kai mu.

Saura mako 3 azumi ya kama, muna so mu gama kafin nan. Rubutun Hausar ya kai shafi 4, amma har yanzu muna gardama kan sitonem: wasu na son "zaren selil", ɗalibar yatsu ta dage sai "igiyar guga". Laraba za mu sake zuba agar, wannan karon rami biyu a gefe biyu da launi biyu, mu ga ko inda suka haɗu zai ba mu ranar tsakiyar tuta.